Galan ɗin Inna da Taurarin Cikin Hanta

Ana sallame sallar asuba muka bar Banyo, ni da wani maƙwabcina mai fataucin goro wanda ya san hanyar kudu kamar yunwar cikinsa. Ni tela ne, kuma tunda uwata ta haife ni ban taɓa wuce Fumban ba. Wannan tafiyar ma ba ta daɗi ba ce. Ƙanena, autan Inna, yana sayar da tsire a Duwala, abin da su can suke kira soya. Matarsa ce ta bugo waya ta ce shawara ta kwantar da shi, don Allah a turo wani daga gida. Da na tambaye ta ko jikin da sauƙi sai ta kauce wa tambayar, wannan kuwa shi ya hana ni cin tuwon dare.

Kafin in fita Inna ta kira ni ɗakinta. Ta turo mini wani galan na roba cike da jiƙon saiwar rawaya da wasu itatuwa da ita kaɗai ta san sunansu, ta toshe bakinsa da leda, ta ɗaure da tsumma. Ta ce, “Magana biyu zan ba ka. Da hannunka za ka ba shi wannan, safe da yamma. Sannan ko kusa kada ka bari a taɓa mini ɗa da allura. Shawara ba ta shiri da allura.” Ban yi mamakin maganar ba, da ita muka tashi. Akwai ma wani kawunmu da har yau ake cewa allurar asibiti ce ta tafi da shi lokacin da idonsa ya yi ɗorawa. Na durƙusa na ce to. Ban san wannan “to” ɗin zai fi galan ɗin nauyi ba.

Hanyar Banyo zuwa Bankim a damina ba hanya ba ce, jarrabawa ce. Jan laka, santsi, ga gangaren Mayo Darle da in ka leƙa ta taga sai ka ga kan bishiyoyi a ƙarƙashinka. Duk inda mota ta kafe sai a ce maza su sauka su tura. Ni dai ban iya barin galan a kujera ba, sai in tura da hannu ɗaya ina rungume da shi da ɗayan. Abokin tafiyata ya ce ko jaririn da aka haifa jiya ba a yi masa riƙon da nake yi wa robar nan ba. Ni dai ina ta shafa murfin ko yana yoyo. A wani shinge kusa da Magba jandarma ya sa na buɗe, ya sunsuna, ya yamutsa fuska, ya yi magana da Faransanci mutane suka kwashe da dariya. Daga baya aka fassara mini cewa wai ya ce in mai lafiya ya sha wannan ma sai ya kwanta. Na ji haushi ƙwarai a lokacin.

Mun kwana a Fumban a gidan wani mai masaukin 'yan goro, da safe muka kama kwalta. Daga Bafusam ƙasa ta fara sauka. Duwatsu kore shar, hazo yana bin mota, sannan a hankali sanyi ya tafi, wani zafi mai danshi ya maye gurbinsa har riga ta manne mini a baya. Ban taɓa ganin ayaba haka ba, gonaki iya ganinka, kowane nono an sa masa shuɗiyar leda kamar an yi masa ɗinkin salla. A Njombe mata suka yanyame motar da abarba. Wadda a Banyo sai mai albashi ke saya, a nan tuli guda ake turo maka da kuɗin da bai kai na ɗinkin wandon yaro ba. Na so in saya wa ƙanena, sai na tuna ban san ko mai shawara yana shan abarba ba, ina cikin wannan tunani mota ta tashi. Abinci kuwa, burodi da ƙwai dafaffe kawai na yarda na ci, don duk naman da aka miƙo ta taga ban san wa ya yanka ba. Wata ma ta miƙo mini wata dabba busasshiya mai jela, na rufe ido na yi a'uziyya.

Bayan azahar muka shiga Bonaberi muka hau gadar Wuri. Jama'a, ashe akwai ruwan da ake hango jirgi a kansa kamar gidan sama! Na riƙe kujerar gabana har muka sauka a Deido. A nan ne na fara ganin 'yan bensikin, wato 'yan acaɓarsu, sun fi fara yawa, kowa ya kafa wa babur ɗinsa doguwar lema saboda ruwan sama. Kiɗa yana tashi daga gidajen giya da rana tsaka, babu mai ko waiwayawa. Abokin tafiyata ya ɗora ni a kan bensikin guda, ya gaya wa yaron inda zai kai ni a New Bell, ya tafi harkar goronsa. Abin da na karanta a kan babur ɗin nan, ko ranar saukar karatuna ban karanta kamarsa ba.

Unguwar Hausawa ta New Bell ta ba ni mamaki. Ka bar gida da nisan kwana biyu, sai ga ka a cikin mutane masu hula da carbi, ga kiran salla, ga ƙamshin ƙuli da yaji, ga mai shayi da teburinsa. Amma Hausar tasu a gauraye take, rabin magana sai su juya Faransanci su dawo kamar ba su yi komai ba. Gidaje a matse, wasu na katako, lunguna sai mutum ɗaya, an shimfiɗa katakai a kan kwata ana takawa. Ruwa ya yi ambaliya kafin in zo, shaidarsa tana nan a jikin bango har gwiwa.

Matar ƙanena ta tare ni a bakin ƙofa. Haihuwar New Bell ce, kakanninta ne suka zo daga arewa, ta yi boko mai zurfi, tana aiki a wani ofis. Ta karɓi jakata, ta kalli galan, na ga fuskarta ta canja. Ta ce, “Sannu da hanya, Yaya. Kai muke jira.”

Da na shiga ɗakin sai na yi mutuwar tsaye. Yaron da na sani ƙaƙƙarfa, mai ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa, shi ne a kwance kamar an wanke tsumma an shanya. Idonsa ba ɗorawa ba ne kawai, ya yi kamar an diga masa ruwan gangamau. Tafin hannunsa haka, har harshensa. Jikinsa duk shaidar susa. Fitsarin da ke cikin roba a gefen gado kamar baƙin shayi. Na yi masa sallama, ya buɗe ido ya yi murmushi ya koma barci. A gindin gadon kuwa kwalabe ne jere, manya da ƙanana, wata baƙa, wata ja, wata kore mai kumfa, sun fi ƙarfin yatsun hannu. Na ɗauka ma sayar da su ake yi.

Bayan la'asar na gane inda suke fitowa. 'Yan dubiya suka fara shigowa, mahauta da 'yan tsire da maƙwabta. A nan unguwar, in mutum yana shawara ba a zuwa masa hannu rabbana, kowa da maganin garinsu. Na Garwa ya zo da nasa, na Marwa ya ce nasa ya fi, wani ya ce nasa daga Kano aka aiko. Kuma ba a ajiyewa a tafi. Mai magani zai zauna, a kawo kofi, a ɗago marar lafiya ya sha a gabansa, don ƙin sha kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Ƙanena mai kunya ne tun yana yaro. Ko a magagi in an kai masa kofi baki sai ya buɗe. Ina zaune na ga ya sha iri uku tsakanin la'asar da faɗuwar rana, ya amayar da biyu, aka ce madalla, ciwon ne yake fita.

Na ƙarshe da ya shigo shi ne ubangidansa, dattijon da ya koya masa sana'a ya kuma tsaya masa wajen aure, kowa Baba yake ce masa. Dogo ne, muryarsa kamar ganga. Ya zo da kwalbarsa da gasasshiyar hanta a takarda, ya ce hanta ita ke gyara hanta. Da ya ga galan ɗina ya yi murna. Ya ce, “Yauwa, ga na uwa ya iso. Tela, zuba masa, maganin uwa ba ya faɗuwa ƙasa.”

Na kwance tsumman, na zuba a kofi, na yi bisimilla. Na ɗago kan ƙanena na ce ya karɓa. Ya miƙo hannu, sai na ga hannun yana faɗuwa yana tashi da kansa kamar fiffiken kazar da aka yanka. Na dubi bakinsa, jini yana tsattsafowa daga dasashi. Ya zuba mini ido ya ce, “Abba, ka dawo daga gona?” Abba mahaifinmu ne, ya rasu tun ƙanena bai yi kaciya ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na dire kofin a ƙasa ba.

Matarsa ta ja ni waje. Ta ce tun farkon ciwon take roƙo a kai shi asibiti, Baba ya ce a'a, Inna ma ta waya ta ce a'a, ita kuwa mace ce a gidan miji, ba za ta tsallake maganar surukai ba. Ta ce, “Kai jininsa ne, Yaya. In ka ce a tafi, babu mai tare ƙofa.” Na ciro waya don in kira Inna. Na daɗe ina kallon lambar. Na san abin da za ta ce, na kuma san in ta faɗa da bakinta a karo na biyu ba zan iya saɓawa ba. Sai na mayar da wayar aljihu, na ce a nemo tasi. Baba bai tare ƙofa ba, amma ya ce da ƙarfi yadda duk lungun zai ji, “In suka tsira masa allura, kai za ka yi wa uwarku bayani.”

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, da ɗan kwalinta da tabarau. Ta ɗaga fatar idonsa, ta sa ya miƙe hannuwa, ta ga yadda suke kaɗawa, sai ta juya ta yi ta faɗa da Faransanci, ma'aikata suka hau gudu. Da ta ji muna Hausa sai ta juyo, ashe 'yar unguwar ce. Ta ce, “Kawu, me kuke jira tun tuni? Sai ya daina numfashi?” Kafin in haɗa amsa har an kawo allura za a ɗebi jini. Na riƙe hannun ma'aikaciyar. Wallahi na riƙe. Na ce shawara ce fa yake yi. Likitar ta cire tabarau ta dube ni, ta sassauta murya. Ta ce ta san maganar, kakarta ma haka take cewa. Ta ce ba allura ke kashe mai shawara ba, ana ajiye shi ne a gida har sai ya yi nisa, a kawo shi a makare, in ya cika sai a ce ai allura ce. Na saki hannun. Na juya wa gadon baya, na ji lokacin da ƙanena ya ce “wash”.

Washegari ta ce a kawo mata duk abin da ya sha. Na koma New Bell na kwaso kwalaben a buhu, har da fakitocin farasitamol da aka riƙa saya masa a wajen masu talla saboda zazzaɓi, ana ba shi ba lissafi. Da na juye a gabanta ta dafa kai ta ce, “Mon Dieu,” wato ya Allah. Ta ce gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta ce ta kama hantarsa da ƙarfi. Mutane da yawa in suka huta suna warkewa. Amma duk abin da mutum ya haɗiye, magani ne ko guba, hanta ce ke tace shi. An sami hanta tana fama da kanta, aka yi ta ɗora mata kaya. Ta ce ba ta ce kowace kwalba guba ce ba, ba ta ma san abin da ke ciki ba, kuma rashin sanin shi ne abin tsoron. Gubar da hantar ta kasa tacewa ce ta hau masa kai har ya ga mahaifinmu a fuskata.

Kwanakin da suka biyo baya ban san kansu ba. Ga ruwa a rataye ana ƙara masa, ga jini ana ɗiba kullum, ni kuma duk allurar da aka tsira masa sai in ji kamar Inna tana tsaye a bayana. Wata rana aka rubuta wani magani da babu shi a kusa, sai da na je har unguwar da ake kira Village, can hanyar Yawunde. Cunkoson motoci a mahaɗar Ndokoti kuwa, in mai naƙuda ta shiga sai ta yi suna a ciki. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na jiƙe har cikin aljihu, amma maganin yana ƙarƙashin hulata bai jiƙe ba. A hanyar dawowa na ratsa kasuwar Nkololun, inda atamfa da yadi suke tuli har rufi. A wani lokacin da na yini a wurin. Ran nan ko taɓa ƙyalle ban yi ba.

Ni mutum ne mai yawan tambaya in hankalina ya tashi. Duk inda likitar nan ta bi sai ta gan ni. Hantar za ta dawo? Ta ruɓe ne? Ana ɗinke ta? Ran nan dai ta gaji, ta ce in biyo ta ofis. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini hotunan da take koya wa ɗalibai da su. Ta ce ba na ƙanena ba ne, amma irin abin da ke faruwa a cikinsa ke nan.

Hoton farko na hanta mai lafiya ne, an ƙara girmansa da madubin likita. Ta nuna mini wasu 'yan halittu a maƙale tsakanin naman hanta da ƙananan hanyoyin jini, kowace da 'yan hannuwa a baje ta ko'ina. Ta ce saboda siffarsu ake kiransu taurari. A cikin kowace akwai ɗige-ɗigen kitse, a nan suke ajiye wa jiki bitamin A. Ta ce muddin hanta lafiya lau take, su barci suke yi, rumbu kawai suke gadi. Na ce Subhanallahi, ashe ina yawo da taurari a cikina shekara da shekaru ban sani ba.

Sai ta juya hoto na biyu, na hantar da ciwo ya afka wa da ƙarfi. Wurare sun zube kamar gidajen da ambaliya ta ci. Taurarin kuwa ba ka gane su. Sun farka, sun zubar da kitsen da suke ajiya, sun miƙe sun yi tsawo, sun hayayyafa, sun taru a bakin duk inda naman ya mutu. Ta ce da suka farka sai su bar gadin rumbu su kama saƙa, suna fitar da wani zare mai ƙarfi suna ɗaure wurin da ya yage, don hantar ta sami abin dafawa ta sake tsiro. Ta tambaye ni sana'ata, na ce tela. Ta yi dariya ta ce, “To ai 'yan uwanka ne, Kawu. Faci suke yi.”

Na ce to ai alheri ne. Ta ce alheri ne in yagewar ta tsaya. In ciwon ya wuce aka bar hantar ta huta, wasunsu sukan mutu, wasu su koma barcinsu, jiki ya warware yawancin zaren a hankali. Amma in ana ta sabunta raunin, yau wannan kwalba gobe waccan, ba za su daina ba. Ban bari ta ƙarasa ba, don wannan na san shi a kan kekena. Rigar da aka yi wa faci a kan faci, ƙarshenta ba ta lanƙwasuwa, allura ma karyewa take yi a kanta. Ta nuna mini hoto na uku, hantar da ta ƙanƙance ta yi ƙulli-ƙulli. Na ce ta rufe don Allah. Na fita na zauna a kan benci ina tuna kofin da na zuba da hannuna, saura ƙiris.

Ta ce aikina ɗaya ne daga ranar: kada wani abu ya shiga bakinsa sai ta sani. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi. Ashe 'yan dubiya sun biyo mu asibiti, kwalabe a cikin aljihun babbar riga, wata tsohuwa ma a cikin kwanon kunu ta ɓoye nata. Ni da ban taɓa iya ce wa mai kawo ɗinki “ba zai samu ba”, na koma mai gadin ƙofa ina shinshina kwanukan mutane. Na sha baƙar magana. Wani ya ce baƙon kwana nawa ne zai zo ya raba su da ɗan uwansu. Kowane dare sai na roƙi Allah gafara ko na wulaƙanta wani.

Ran nan sai ga Baba ya zo da kansa. Ya fito da kwalbarsa a fili, bai ɓoye ba. Na durƙusa a gaban ƙofa na ce, “Baba, ka yi mini rai, ba za a shiga da ita ba.”

Ya ce, “Kai Tela, lokacin da nake ba mutane maganin nan uwarka ba ta yaye ka ba. Wata 'yar boko ce za ta koya mini shawara?”

Na kwashe labarin taurarin na gaya masa, da barcinsu da farkawarsu da zaren da suke saƙawa. Na san ban faɗa daidai yadda ta faɗa ba. Ya ce, “Taurari a cikin ciki! Sai kuma ka ce akwai wata da rana.” Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Na ce, “Baba, ai kai ka fi ni ganin hanta. Ba ka taɓa fede saniya ka tarar da tata ta yi tauri da farin zare-zare a ciki ba?” Ya ce, “Saniya ce shi?” Ya daɗe a tsaye yana juya kwalbar a hannu. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, irin wannan hantar wuƙa har ƙara take yi a kanta, karnuka ake jefa wa. Ya mayar da kwalbar aljihu ya tafi, ko sallama bai yi mini ba. Kwana biyu bai zo ba. Da ya dawo, hannunsa babu komai, ya zauna a bakin gado yana jan carbi. Har na bar Duwala gaisuwata da ka yake amsawa, amma tun daga ranar babu wanda ya sake zuwa da kwalba.

Sauƙi ya zo a hankali kamar ɗinkin hannu. Da farko hannun ya daina kaɗawa. Sannan wata safiya ina gyara masa matashi ya ce, “Yaya, yaushe ka zo? Wa ka bar wa shago?” Na fita baranda na yi kuka kamar yaro, wata mata mai jinyar mijinta tana ta ce mini “ashiya, ashiya”, wato sannu. Ranar ce na fara cin abincin garin da daɗi, gasasshen kifi da miyondo, wani tuwon rogo siriri da ake naɗewa a ganye. Da aka sallame shi idonsa bai gama washewa ba. Likitar ta ce ya tsallake babban rami, amma ba za ta rantse mini cewa babu tabon da zai saura ba, sai an riƙa dawowa ana dubawa nan da wasu watanni. Ba aiki a bakin wuta yanzu, ba magani kowane iri sai da saninta.

Saura galan. Duk wannan lokaci yana bayan ƙofa a New Bell, zafin Duwala ya sa ya kumbura ya yi ciki kamar tulu. Matar ƙanena ta ce a juye a kwata. Na ce a'a, amanar Inna ce, ban isar ba, ba kuma zan zubar in je in yi mata ƙarya ba. Haka na sake rungumo shi, muka haye gadar Wuri, muka hau duwatsu, muka koma cikin jan laka, ina jin yana ƙugi a cinyata duk inda mota ta yi tsalle. Abokin tafiyata, da muka sake haɗuwa a tasha, ya roƙi direba ya canja masa kujera.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shiga jikina. Duk waɗanda suka kawo kwalaben nan ƙaunar yaron suke yi, ni ma ƙaunar ce ta sa na zuba a kofi. Ban taɓa sanin ana iya taruwa a kan mutum da alheri har a kusa kai shi kabari ba. In naku ya yi shawara, ku kai shi a duba tun idon bai rine ba, ku kuma yi masa dubiya da addu'a, ta isa.

Na isa Banyo da yamma, ban ko shiga ɗakina ba na wuce wajen Inna. Ta riga ta ji muryarsa a waya, ta san yana raye, amma babu wanda ya gaya mata sauran. Na dire galan a gabanta na durƙusa. Na ce, “Inna, magana biyu kika ba ni, ban cika ko ɗaya ba. Bai sha ba. Allura kuwa an yi masa ba adadi, kuma ni na ce a yi.”

Ta miƙa hannu ta kwance tsumman, murfin ya yi tsalle da wani huci, wari ya cika ɗakin har kajin tsakar gida suka watse. Ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta ce, “Kwanansa ne ke gaba, ba wayonka ba.” Na ce haka ne, Inna. Ta ce in gaya mata komai, kada in rage. Na gaya mata, har da Abba da ya gani a fuskata, har da taurarin. A nan ta tsayar da ni ta sa na maimaita.

Ta ce, “Yanzu su waɗannan ɗin, sun koma barcin?”

Na ce likita ta ce ba a sani ba tukuna, sai an bar su sun huta.

Ta tura galan ɗin da ƙafa zuwa bakin ƙofa. Ta ce, “Kai wannan bayan gida ka juye. Sannan ka kira mini matarsa. Duk wanda ya sake zuwa da kwalba, ta ce masa ni na ce kada a tashe su.”